Koren Tattasai a Robar Ɗan Fari

Ɗana na fari ba ya bambance ja da kore. Yanzu na sani. Lokacin da yake shekara biyar kuwa ban sani ba, babansa bai sani ba, shi kansa bai san akwai abin da ba ya gani ba.

A Haɗejiya muke zaune. Mijina gyaran waya yake yi a kasuwa, ni kuma ina sayar da atamfa da mayafai ta waya. Wato da kala nake kwana, da ita nake tashi. Amma a gidana kullum sai an yi faɗa kan kofi. Nasa kore, na ƙanwarsa ja, shi kuma wanda hannunsa ya kai kawai yake ɗauka. Malamarsu ta taɓa turo min hoton bishiyar da ya zana, ganyen duk ja. Na yi dariya na ce ƙiriniya ce.

Da aka yi hutu muka je ƙauyen su mijina, can bayan Guri. Lokacin ɗiban tattasai ne. Wan mijina, wanda kowa ke ce wa Yaya, shi ke riƙe da fadamar gidan tun rasuwar mahaifinsu. Ba mugu ba ne. Shinkafar da muke ci ma daga wajensa take zuwa. Sai dai akwai zafi, kuma ba ya son ɓarna. Dokar ɗiba ɗaya ce: nunanne, wato ja, shi ake cira, ɗanye a bar shi sai ɗiba na gaba. Kowane yaro a ba shi roba da layinsa.

A gidana ina kiran yaron da sunansa, ya hau cinyata, mu yi ta shirme. A gidan surukai ba haka ba ne. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba kya faɗin sunansa, ba kya nuna kin damu da shi, ko faɗuwa ya yi a gabanki sai ki kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka aka yi wa yayata, haka na taso na gani.

Da hantsi ni da Inna, uwar mijina, muka kai musu abinci gona. Sai ga yaron a guje, roba cike, yana haki yana murna, shi ya riga kowa gamawa. Ya dire a gaban Yaya. Fiye da rabi kore shar. Layin nasa ya wanke shi tas, ko ɗaya bai bari ba.

"Kai, me na ce maka da safe?"

"Ka ce masu ja, Baffa."

Yaya ya ɗaga ɗanye ɗaya. "To wannan fa?"

"Ja ne."

Yara suka kwashe da dariya. Ya ɗaga wani. "Wannan?"

"Shi ma."

"Au, ni za ka mayar abokin wasa?"

Ya karyo tsumagiya ya fara zuba masa. Yaron bai gudu ba, bai ma kalli baffan nasa ba. Ni yake kallo. Ni kuma na kafa wa murfin kula ido ina goge shi da gefen mayafi, alhali ba abin da ya taɓa shi.

Inna ta ce, "Ya isa haka. Ɗan birni ne, ya ɗauka a leda tattasai ke fitowa."

Da yamma Yaya ya ce wa mijina, ina ji daga ɗaki, "Yaron nan taurin kai ne da shi. Ɗan fari a hannun iyayensa lalacewa yake yi. In an yi hutu na gaba ka kawo min shi in riƙe. Makaranta muna da ita a nan." Mijina ya ce, "To, Yaya."

Muka dawo gida abin yana cina. Na san ɗana in yana ƙarya, kunnensa yake sosawa. Ranar bai sosa ba. Murna yake yi. Wa zai yi ɓarna da gangan ya kawo ta a guje?

Na ciro atamfa biyu a kayan sayarwata, ɗaya ja ɗaya koriya, na shimfiɗa.

"Nuna min jar."

Ya kalli wannan, ya kalli waccan, ya shafa su. Sai ya ɗago ya kalli fuskata.

"Umma, wacce kike so in ce?"

Ashe duk tsawon lokacin nan fuskokinmu yake karantawa.

Muka kai shi wajen likitan ido. Ya buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗige, ya ce wace lamba ka gani. Ni ina ganinta ɓaro-ɓaro, shi ya ce babu komai. Likita ya ce idon lafiya lau, yana gani sarai, ja da kore ne suke haɗe masa. Ba zai ƙaru ba, ba kuma zai warke ba. Gado ne, kuma yawanci ta wajen uwa yake biyowa. Nan take na tuna babana, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa saka hula ba sai ya tambayi mamarmu ko ta shiga da rigar. Mu muna tsokanarsu wai soyayya ce.

Na fara sake tsarin gida. Kofinsa na ɗaura masa zare a hannu. Tumatur na koya masa latsawa, mangwaro shinshinawa. Na daina cewa "ɗauko min jan bokiti", sai dai "na bakin famfo". Na faɗa wa malamarsu, ta rubuta masa harafi a jikin kowane fensirin kala. Duk wannan mai sauƙi ne. Hutu ne ke matsowa.

Na ce wa mijina ya kira Yaya ya yi masa bayani.

"Ke ba ki san ƙauye ba. Ki ce yaro ba ya ganin kala, su ce makaho. Sunan ya bi shi har ya yi gemu. Kuma sai an ce daga gidanku kika kawo."

"To daga gidanmu ne mana. Ƙarya za a yi min? Ka fi so a yi ta dukansa duk ɗiba?"

"Zan san yadda zan yi."

Bai yi ba. Zai ɗauki waya, su gaisa, su yi maganar taki da man injin ban ruwa, ya ajiye. Yaya ne ya riƙe shi yana ƙarami. Bakinsa ba ya buɗuwa a gabansa.

Hutu ya zo. Muka tafi da jakar kayan yaron, don mijina ya ce kar mu je hannu rabbana kamar mun zo faɗa. Bayan la'asar muna tsakar gida, mata suna gyaran busasshen tattasai a tabarma, Yaya ya shigo.

"An kawo min ɗana?"

Na jira mijina. Ƙasa yake kallo.

Na durƙusa. Ban taɓa yi wa Yaya maganar da ta wuce gaisuwa ba. Na ce, "Yaya, don Allah a gafarce ni." Sai na ambaci sunan yaron, a gaban kowa. Na ce ba taurin kai ba ne, idonsa ne, mun je asibiti, ja da kore ɗaya yake ganinsu, kuma ta wajenmu ya gado. Na ce ba zan iya barinsa ba.

Inna ta saki salati. Matar Yaya ta ce ƙasa-ƙasa, yadda zan ji, "Matan waya ke nan. Gobe kuma sai ta goya shi ta zaga gari."

Yaya bai kalle ni ba. Ƙaninsa ya kalla. "Kai ne ke magana ko matarka?"

Mijina ya ce, "Gaskiya ta faɗa, Yaya. Da ni aka je."

Yaya ya sa aka kawo masa tattasai biyu daga kayan miya, ya ɗora a tafin hannu, ya kira yaron. Ya zo yana ɓoye hannuwa a baya.

"Wanne ne ja?"

Ya daɗe yana kallo. "Ban sani ba, Baffa. Kar ka dake ni."

Yaya ya ajiye tattasan a hankali, ya dafa kan yaron.

"Ba mai dukanka. Ku koma da shi. Wanda ba ya gane nunanne, me zai yi min a fadama?"

Na san ba da mugunta ya faɗa ba. Amma yaron ya ji.

Mun dawo da shi, da jakarsa ba a ko buɗe ba. Abin da na je nema na samu. Sai dai tun ranar in na kira Inna, "lafiya lau" kawai take cewa ta miƙa wa jikoki wayar. Yaran ƙauyen kuma an ce min sun raɗa masa suna, mai ɗanye. A nan mijina bai yi kuskure ba.

A mota muna dawowa, mun wuce Guri, yaron ya jawo mayafina.

"Umma, Baffa ya fasa so na ne?"

Na ce a'a, yana sonka. Ya ce to me ya sa ya ce ba abin da zai yi masa. Na kalli babansa, shi kuma ya juya yana kallon shinkafa ta taga.