Sunan da Makirufo Ya Kasa Kamawa

Muna sallame sallar asuba muka kama hanyar Kano daga Zariya, ni da ƙanena mai aikin manhajar da ke sa waya ta gane magana. Wurin kakarmu Hajiya za mu. Idonta ya tafi, kuma ta gaji da roƙon maƙwabta su danna mata lamba. So take ta faɗi suna, waya ta kira.

Kuɗin mota ya ƙaru, kujerar kuwa tana nan yadda na san ta, mutum huɗu a mazaunin uku. A Kwanar Ɗangora muka sayi dafaffen ƙwai, ƙanena na rungume da jakar makirufo kamar jariri.

Da hantsi muka shiga ta Ƙofar Ɗan Agundi. Mai adaidaita ya sauke mu inda lungu ya fi ƙarfinsa, muka ƙarasa a ƙafa muna tsallake kwata. Hajiya ta tare mu da gurasa da ƙuli, tana shafa fuskata.

"Maigida, ka rame. Amaryar taka ba ta iya tuwo ba ne?"

Muka maƙala mata ɗan makirufo a bakin mayafi. Da farko shirme wayar ta riƙa ji. Muka kashe fanka, muka kore kaji, muka matso da shi kusa da haɓarta. Nan take abu ya yi kyau. Ta kira ƙanwarta, ta kira mai kawo mata itace, har da ni da ke zaune gabanta, don tsokana.

Saura Babanmu, wanda don ta iya kiransa aka yi tafiyar. Duk sanda aka zo kansa, wayar sai ta yi gum. Ƙanena ya canza makirufo, ya leƙa kasuwar Kurmi ya samo soso ya naɗa masa, duk a banza. Da ya sa abin ji a kunne ya saurari abin da aka ɗauka, sai ya ce babu komai a wurin sai numfashi.

Ni na lura da hannunta. Tana zuwa sunan sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta kau da kai. Kunya ta kama ni. Baba ɗan farinta ne, ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗin sunansa ba, mu kuma mun zo da na'ura muna cewa ta ɗaga murya.

"Hajiya, to me kike ce masa?"

"Yaron nan mana."

Haka muka rubuta a wayar.

Da magariba muka iso gida, na dawo da darasi ɗaya: kafin ka gyara makirufo, ka san abin da bakin mai magana zai yarda ya faɗa. Muna cire takalma wayar Baba ta yi ƙara. Baba, dattijo mai furfura, ya duba, ya miƙe tsaye, ya cire hula ya mayar.

"Na'am, Hajiya. Ni ne."