Kaset ɗin Malam Isufu

Har yau ban manta da ranar da Malam Isufu ya shigo shagonmu na Agege da kaset ɗin gem a naɗe cikin hankici ba. Jiya da na ji kuna musu a kan ko ya kamata kamfanoni su haɗu su yi na'urar gem iri ɗaya wadda kowane wasa zai hau, shi ya faɗo mini a rai.

Ku da kuka taso da waya ba ku san zamanin kaset ba. Kowane kamfani da nasa kaset, da nasa bakin na'ura, na wannan ba ya shiga na wancan. A shagon, Oga Tanko ne babba, ni ke biye da shi a teburin gyara. Tsarinmu shi ne, kaya ya zo, a tambayi mai shi, a gwada a gabansa, sannan a buɗe. Ni kuwa a lokacin kaina na hayaƙi, don na iya goge gefen kaset ɗin da aka kawo daga wata ƙasa har ya zauna a na'urar da ake sayarwa a nan. Gani nake babu abin da zai gagare ni.

Malam Isufu mutumin Maraɗi ne, yana gadi a wata masana'anta a Ogba. Ya ce kaset ɗin na ƙanensa Sani ne, wanda ya rasu da damina. Wasan tseren mota ne, kuma Sani ne ya fi kowa maki, sunansa na saman jerin gwanaye. Na'urarsu ta ƙone ranar da aka kawo wuta da ƙarfi.

"Ba wasa na zo yi ba," in ji shi. "Sunan kawai nake so in gani."

Irin na'urar babu ita a shago, sai ta wani kamfani. Oga Tanko ya ce, "Ɗanladi, ajiye shi sai mun samo irin tasa. Wannan ba aikin gogewa ba ne." Ya hau motar haya ta danfo ya tafi sayen kaya.

Yana fita na ce wa Malam Isufu ya ba ni minti goma. Wallahi taimako na yi niyya, amma har da son a ce na iya. Na kwance kaset ɗin don in rage bakinsa, sai wani ɗan batiri kamar maɓallin riga ya ɓalle ya faɗo kan tebur. Na mayar da shi da sauri na liƙe. Na gwada, ko hoto na'urar ba ta nuna ba.

Da Oga ya dawo ya ga alamar buɗi, ya kalle ni ya ce, "Ka san aikin batirin nan? Shi ke riƙe da sunayen."

Sai da na yi kwana shida ina yawo kafin na samo irin na'urar a Ikorodu. Muka saka kaset, motoci suka fito, jerin gwanaye ya fito wayam. Na faɗa wa Malam Isufu gaskiya cewa ni na goge sunayen. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ya daɗe yana kallon talabijin, sannan ya ce, "Yaya ake sa suna a wurin?"

Na ce sai an ci tseren.

"To, koya mini."

Mutumin da bai taɓa riƙe abin wasa ba, kullum ya tashi aiki da safe sai ya biyo shago, ya zauna a benci, motarsa na karo da bango muna dariya, shi ma yana dariya. Wajen wata biyu ya yi. Ranar da ya zo na ɗaya, na'ura ta nemi suna, ya miƙo mini abin wasan ya ce shi bai iya boko ba. Na rubuta SANI.

Don haka in kun tambaye ni, ina goyon bayan na'ura ɗaya, da akwai ta da ban taɓa kaset ɗin nan ba. Amma kafin kamfanonin su shirya, duk wanda ya miƙo muku kaya, ku tambaye shi me ke ciki kafin ku ɗauki sukurdireba. Ni na ji amsar da kunnena, amma duk da haka na buɗe.