Shuɗin Kofin Hansatu

Wata rana, a wani asibiti a Funtuwa, wani dattijo ya hau sikeli ya sauko, sai ma'aikaciyar da ke duba shi ta cire tabarau, ta goge, ta ce ya sake hawa.

Ya sake hawa.

Kilo ɗari da huɗu. Wata uku da suka wuce ɗari cif yake.

Bai yi gardama ba. Malam Tanimu shekara talatin da ɗaya ya yi yana awon auduga kafin ya yi ritaya, kuma wanda ya tsufa a gindin sikeli ba ya musu da sikeli.

Kada ku ɗauka gayu yake son yi. Wa zai yi wa gayu a shekara sittin da shida?

Gwiwoyinsa ne suka gaji da ɗaukarsa. Shekara biyu ke nan a kan kujerar roba yake sallah, can a ƙarshen sahu. Jama'a su kai goshi ƙasa, shi sai dai ya sunkuya ya ɗago. Ya san Allah na karɓa, amma abin na cin ransa.

Burinsa ɗaya tak: goshinsa ya sake taɓa ƙasa kafin a saka shi a cikinta.

Tun farko likita bai ɓoye masa ba. A lokacin yana ɗari da takwas. Ya ce in ya sauke kilo goma sha biyar, akwai fatan gwiwar ta yi sauƙi har ya iya durƙusawa. In kuwa ya ci gaba da hawa, nan gaba zuwa masallacin ma sai an riƙe shi.

Matarsa Hansatu ce ta ɗauki maganar da zafi.

Ta sa 'yarsu ta aiko musu da bilenda, ɗan injin markaɗe, daga Kaduna. Ta tambayi wannan, ta tambayi wancan, ta gwada, ta ɗanɗana, ta zubar, ta sake. Da ta gamsu, sai ta yage shafin tsohuwar kalanda, ta juya bayansa, ta rubuta da jan biro da manyan baƙaƙenta na 'yar firamare, ta manna a bangon kicin.

Na safe: ayaba biyu, garin ots, hatsin Turawan nan, cokali shida, kindirmo kofi biyu, soyayyar gyaɗa cikin tafin hannu, dabino huɗu.

A ƙasa ta ƙara: "Huɗu na ce, Malam. Na san halinka."

Na tsakar rana in ana zafi: kokwamba biyu, abarba yanka huɗu, ɗan citta, lemon tsami, ruwan sanyi. Ba sukari ko ƙwaya.

Na la'asar: gwanda rabi, jiƙaƙƙiyar aya gwangwani ɗaya, garin zogale ƙaramin cokali biyu.

Na yamma, maimakon tuwo: dafaffiyar kabewa, karas, albasa, da dafaffen wake ludayi biyu, a markaɗa a sha da ɗumi. Wannan, in ji ta, yana riƙe ciki har gari ya waye.

Ranar farko Malam Tanimu ya leƙa kofi ya yamutsa fuska. Mutum da haƙoransa reras, a ce ya koma shan abincin jarirai?

Hansatu ta ɗauko nata kofin ta cika. Ita fa siririya ce, ko kilo ɗaya ba ta da shi na kyauta. Amma ta ce ba za ta zauna tana lailaya tuwo yana kallonta ba, tare za su sha.

Haka aka yi. Shi da babban kofinsa na silba, ita da shuɗin kofinta na roba mai tsage a hannu. Tabarma ɗaya a gindin bishiyar lemon da ke tsakar gida. Kullum ita ke riga shi shanyewa, ta kife kofin ta zuba masa ido har sai ya ƙarasa.

Wata huɗu, kilo takwas suka tafi. Ranar da ya dawo da labarin ya kai ɗari, har guɗa ta yi, 'yar tsohuwa da ita.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ita.

Kwana tara.

A na goma aka kai ta makwancinta.

Gida ya cika maƙil, aka shimfiɗa tabarmi har ƙofar maƙwabta. Aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in. Daga nan kowa ya kama gabansa, don haka duniya take. 'Ya'yan suka yi juyin duniya ya bi ɗaya daga cikinsu, ya ce ba inda za shi.

Duk Juma'a sukan kira. "Baba, kana dai shan abin naka ko?" Ya ce yana sha.

Kuma ba ƙarya ya yi ba.

Kullum da hantsi zai tsaya gaban takardar nan, ya ɗora tabarau, ya karanta kamar bai haddace ba. Ayaba biyu. Cokali shida, a shafe bakin cokalin da yatsa kada ya yi tozo. Dabino huɗu. Sau da yawa hannunsa ya kai kan na biyar, sai idonsa ya faɗa kan jan rubutun, ya mayar.

Gidan da a da rediyon Hansatu ba ya shiru, yanzu ƙarar bilenda ce kaɗai muryar da ke tashi a cikinsa. Wani lokaci komai ya riga ya yi laushi, amma sai ya bar ta tana ta ihu, don dai gidan ya yi motsi.

In ya kashe ta, shirun da ke biyo baya ya fi na farko nauyi.

Kaɗaici ya yi masa yawa, jama'a. Bai faɗa wa kowa ba, don irin mazan nan ne da ko ƙaya ta soke su sai su ce lafiya lau.

To, mu koma asibiti.

Ma'aikaciyar, Sista Rifkatu, ta saba da masu rantsuwa da bakin da ke ƙanshin tsire. Ta fara jero masa tambayoyi. Fura da sukari? A'a. Lemon kwalba? A'a. Ƙosai a hanyar masallaci? Ya ce rabonsa da shi tun bara.

Ta dube shi da kyau. Wannan ba fuskar maƙaryaci ba ce. Da ya ce mata akwai takardar da yake bi, ta ce ya dawo da ita mako mai zuwa.

Da ranar ta zo, ya ɓamɓaro ta daga bango a hankali, ya ninke, ya saka a leda, ya saka ledar a aljihun gaba.

Sista Rifkatu ta karanta, ta yi murmushi a wurin dabino. Ta sake karantawa daga sama, a wannan karon tana bi da yatsa. Sai ta ɗago.

"Baba, haɗin nan ba shi da laifi. Amma ai awon mutum biyu ne. Mama ce ke shan ɗayan?"

"Ta rasu. Wata uku ke nan."

"Allah ya ji ƙanta. To wa ke sha?"

Ya dubi takardar da ke hannunta.

"Nakan zuba mata a kofinta, in ajiye a inda take zama. In na gama nawa sai in jira kaɗan. Abinci ne, ba a zubarwa. Sai in shanye."

"Sau huɗu a rana?"

"Sau huɗu."

"Haba Baba. Ka raba awon biyu mana."

"'Yata, shekara talatin ina awo, ba wanda zai koya mini raba abu biyu. Na gwada sau ɗaya. Na ɓare ayaba ɗaya, na ɗauko kofi ɗaya. Ranar ce na san ta mutu."

Sista Rifkatu ta ninke takardar yadda ya ninke ta, ta miƙa masa da hannu biyu.

"To kada ka raba, Baba. Ka bar awon yadda ta rubuta. Ka nemo mai shan ɗayan."

Ya fito yana juya maganar. Wa zai nemo? Abokan aikinsa rabi sun riga shi, rabi sun koma garuruwansu. Maƙwabta kowa da iyalinsa da tukunyarsa. Ya lissafa garin nan da ya yi shekara arba'in a ciki, ya rasa mutum ɗaya da zai ce wa zo mu karya.

Wannan ya fi maganar sikelin yi masa ciwo.

Kwana uku ya ƙara yana shan kofi biyu.

A na huɗu, an idar da sallar asuba, yana jan carbi, sai ya waiga dama. Kujerun roba biyu ne a ƙarshen sahun nan. Ɗaya tasa. Ɗayar ta wani ramammen tsoho ce, Malam Barau, wanda a da yake tsire a bakin tasha. Shekara biyu kafaɗarsu na gugar juna sau biyar a rana, amma bayan "ina kwana" da "ya ƙafa" ba su taɓa ƙara kalma ba.

Malam Tanimu ya yi gyaran murya har sau biyu kafin maganar ta fito. Ya tambaye shi ko da me yake karyawa.

Malam Barau ya buɗe baki ya nuna masa. Dasashi ne zalla, sai haƙori ɗaya a gefe kamar mai gadi. Ya ce koko da safe, koko da rana, da yamma a jiƙa masa tuwo a ruwan miya. Mutumin da ya ciyar da rabin gari nama, yau ko tsokar kifi sai ya yi shawara da ita.

Malam Tanimu ya ce ya biyo shi gida.

Suka tafi a hankali, sanda biyu, ƙafa huɗu marasa kirki.

Ya shimfiɗa tabarmar gindin lemo. Ya shiga kicin. Ayaba biyu, cokali shida, dabino huɗu. Ya cika kofin silba, ya cika shuɗin.

A nan ya tsaya.

Shuɗin kofin nan ba bakin da ya taɓa shi sai nata da nasa. Ya ɗauka zai miƙa wa baƙo, hannun ya ƙi. Ya ajiye. Ya sake ɗauka. Idonsa ya ciko, ya ji haushin kansa, tsoho da shi yana kuka a kan kofin roba.

Daga tsakar gida Malam Barau ya ɗaga murya yana tambaya ko sai an aika kasuwa ne.

Sai Malam Tanimu ya fito. Ya miƙa masa kofin silba, nasa na kansa. Shi ya zauna da shuɗin.

Malam Barau ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sake kurɓa. Ya ce rabonsa da jin ɗanɗanon gyaɗa shekara shida. Ya shanye tas, ya kife kofin, ya zuba wa mai gida ido yana jira ya ƙarasa.

Malam Tanimu ya kau da kai gefe, ya ce ƙura ce ta faɗa masa a ido.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Malam Barau ba ya fashi, kuma ba ya shiru. Na kokwamba ya ce ruwan wanke ganye ne, amma bai taɓa ragewa ba. Na kabewa da wake kuwa har cewa yake a ƙara, a ce masa awo awo ne. Tafiyar da suke yi daga masallaci zuwa gida, da rakiyar da ake yi masa in zai koma, ita ma ta yi nata aikin.

Ba a dare ɗaya ba. Akwai watan da sikeli ya ƙi motsi. Akwai ranakun da baƙon zai tafi, gidan ya koma shirunsa, kewar Hansatu ta dawo sabuwa fil. Wannan ba bilendar da ke markaɗa ta.

Amma bayan wata tara, Sista Rifkatu ta sake cire tabarau ta goge. Casa'in da biyu. Malam Barau kuwa kumatu ya yi, har jikokinsa na tsokanarsa.

Wata la'asar, aka tayar da sallah, Malam Tanimu ya tura kujerarsa baya da ƙafa. Ya tsaya a ƙarshen sahu, daidai gefen kujerar abokinsa.

Liman ya yi kabbarar sujada. Ya sauka a hankali, gwiwar dama, sannan ta hagu. Suka yi ƙara, suka yi zafi, amma suka riƙe shi.

Goshinsa ya taɓa ƙasa.

Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, shi bai ɗago ba sai da ya ji sandar Malam Barau na zungurar ƙafarsa. Inda ya ɗaga fuskarsa, dardumar ta jiƙe.

Da aka yi sallama, Malam Barau ya sunkuyo daga kan kujerarsa ya ce, "To, ka sauka ka bar ni a sama. Gobe in zo, ko an sallame ni?"

Malam Tanimu ya share fuska da hannun riga.

"Ka zo. Awon na mutum biyu ne."

Darasi:

Ba duk ƙiba ce ta kwaɗayi ba. Wani rabon wanda ya tafi yake ci, don ya rasa wanda zai miƙa wa. Kafin ka yi wa mutum wa'azin rage ciki, tambaye shi da wa yake cin abinci.

Kai kuma da ke da kofi biyu da baki ɗaya, waiga dama. Mai yiwuwa wanda zai sha ɗayan ya shekara biyu yana zaune a gefenka.

Ku tura wa wanda kuka san shi kaɗai yake karyawa. In da hali ma, bayan kun tura, ku taka ku je, don zumunci a ƙafa yake.