Kunne a Ƙasan Hoto

Yayana Reino Kemppainen shekara talatin da biyar ya yi yana tuƙa motar katako a dazukanmu na arewacin Michigan, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo ba sai a kan barewa. Ka tambaye shi lafiyarsa, kalma biyu ce. Ka tambaye shi wace barewa ce ta ratsa bayan gonarsa, to nemi kujera ka zuba kofi.

Da ya yi ritaya, matarsa Marlys ta rasu, sai ya koma wa kyamarorin daji, irin waɗanda ake ɗaurewa a jikin bishiya su ɗauki hoton duk abin da ya gitta. Shida gare shi. Duk Asabar yakan zagaya ya ciro ƙananan katunansu, ya kawo gidana, don ni ke da kwamfuta, shi kuwa ko kunna ta bai iya ba kuma ba ya da niyyar koya. Mu zauna, ina latsawa yana kallo. Hoto ɗari huɗu, rabi ciyawa ce iska ta kaɗa. Haushi nake ji, wallahi, amma ban taɓa kulle masa ƙofa ba.

Barewa kam ya harba har ya manta adadi. Beyar ce, baƙar dabbar dajin nan mai gashi da farata, bai taɓa samu ba. Lasisin farautarta da layi ake samu, kowace shekara ka cika takarda ka jira, kuma shi sai da ya jira shekara takwas. Lasisin ya fito yana da shekara saba'in da huɗu, a bazarar da hannunsa na dama ya fara rawa. Likita ya gaya masa a gabana cewa bana ce ta ƙarshe da zai riƙe bindiga. Ya sa hularsa muka fito.

Tun watan Agusta ya kafa duro a ƙarshen filinsa don jawo beyar, kullum da hantsi ya zuba masa kwantan burodi da ragowar kek da yake karɓowa a gidan burodin garinmu. Kyamarar farko da ya ɗaura a wurin, kwana biyu beyar ta tauna ta kamar rake. Sai ya ɗauki tsani ya ɗaura wata can sama inda ba za ta kai ba, kamar yadda kowa yake yi. Abin da bai lura ba shi ne, da hannun nan nasa mai rawa bai karkato ta ƙasa sosai ba. Tana ɗaukar bakin duron da abin da ke sama da shi, amma gindin duron ba ya fitowa.

Ba a daɗe ba wata ƙatuwar beyar ta fara zuwa, kullum da la'asar, ita kaɗai. Reino ya ce namiji ne, ya ce a dubi faɗin kan nan. Ya raɗa masa suna Magajin Gari, wai don ya iya cin abincin da bai nema ba. Mako uku ba mu da wata hira sai ta Magajin Gari. Rabon da in ga yayana yana dariya haka tun Marlys tana da rai.

Saura kwana biyu a buɗe farauta ya kawo katin, ya bar shi a wurina ya tafi sayen mai. Ina dubawa ni kaɗai sai na ga wani ɗan abu baƙi a can ƙasan wani hoto. Na ƙara girmansa. Kunne ne, ɗan ƙarami, zagayayye. Na koma baya na bi hotunan makon da ya wuce ɗaya bayan ɗaya, na same shi sau uku, a ɗaya ma kunnuwa huɗu ne. Ashe Magajin Gari mace ce, 'ya'yanta biyu suna ƙasa suna tsintar abin da take zubarwa.

Doka ta hana harbin uwa mai 'ya'ya, kowa a nan ya sani. Kuma kowa ya san idan uwa ta ji ƙanshin mutum takan kora 'ya'yan su hau bishiya, ta fito ita kaɗai. Idan na yi shiru, da wuya ya gan su kafin ya harba. Ba zan yi ƙarya ba, na ɗora yatsana a kan maɓallin gogewa, na daɗe a haka. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin 'yan kunnuwan nan.

Da ya dawo na juya masa kwamfutar. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Ganye ne, Auta," in ji shi.

"Yaya, ganye mai gashi?"

Ya ce wa ya aike ni, ya ce tun ina yarinya idona ba ya ganin komai sai abin da zai ɓata wa mutum rai. Ni ma na mayar masa, don ba a haife ni da haƙuri ba. Ya ɗauki katinsa ya fita ko kofinsa bai shanye ba.

Ranar buɗewa ya je ya zauna a 'yar bukkarsa ta farauta. Daga baya maƙwabcinsa ya ba ni labari, don shi Reino ba ya yi mini magana a lokacin. Beyar ɗin ta fito da la'asar ita kaɗai, taku ashirin daga gare shi, ta tsaya ta ba shi gefe. Bindigar tana kan cinyarsa. Ya fi minti goma yana kallonta kafin 'ya'yan su sauko daga bishiya.

Ya ci gaba da zama kullum har ƙarshen Oktoba ko wata beyar za ta zo. Babu wadda ta zo da hasken rana sai ita.

Washegarin rufe farauta ya shigo gidana da safe, karon farko cikin mako shida. Ya zauna, na zuba masa kofi, ya riƙe da hannu biyu amma duk da haka sai da ya zube a kan tebur. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce da ban nuna masa ba da ya harbe ta, kuma da ya yi murnar da bai taɓa yi ba, har zuwa lokacin da zai ji kuka a saman bishiya.

Sannan ya ce, "Tashi ki ɗauko bindigar a mota, Auta. Ki kai wa ɗanki. Ni ba na so in sake ganinta a gidana."

Na fita na ɗauko ta. Ya goge ta tas, ya shafa mata mai, har ya naɗe ta a bargo.