Jirgin Romiyel Mai Kai Biyu

Duk wanda ya saba bi ta bayan cocin bakin teku a garin Negombo ya san gidan Romiyel, ko da bai san mai gidan ba. Shi ne gidan da ake shuka barkono a cikin rabin jirgin ruwa. Rabin yana nan a ƙofar gida bisa duwatsu, cike da ƙasa, matarsa Isabela tana ba shi ruwa safe da yamma. Shi kuwa tsohon yana zaune nesa kaɗan yana ɗinkin raga, kuma in ka lura, kullum baya yake ba shi.

Ba haka jirgin yake ba a da. Oruwa ne na gaske, kamar yadda masuntan wurin ke kiran irinsa, dogo, siriri, wanda mutum ba ya iya zama a cikinsa sai dai ya zura ƙafafu. Mahaifin Romiyel ne ya sa aka fafe shi daga kututture guda, aka ɗinke allunan gefensa da igiyar kwakwa, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Ga gungumen gefe da ke hana shi kifewa, ga gora biyu masu ɗaga zanen iska, zane mai launin ƙasa-ƙasa saboda rinin ɓawon itace. Ranar da mahaifin zai rasu bai bar wa ɗansa gona ko gida ba, jirgin nan kaɗai ya bari, da magana guda: kada ya kuskura ya bar shi ya bushe a kan yashi.

Irin wannan jirgi ba shi da gaba, ba shi da baya. Gungume dole ya kasance ta ɓangaren da iska ke fitowa, don haka ba a juya jirgin in za a koma. Sai dai a juya zane, mai tuƙi ya tashi ya koma ɗaya ƙarshen, inda yake kai ɗazu ya zama wutsiya. Duk yaron da ya tashi a bakin ruwan nan ya san haka kafin ya san haruffa.

Su huɗu ne a jirgin, amma wanda za a ambata shi ne Maselin, taubashin Romiyel kuma yayan Isabela. Tare suka tashi, tare suka sha duka a hannun malamin coci, kuma ba su taɓa kiran juna da suna ba sai macan, yadda taubasai ke yi. Maselin gajere ne, mai faɗin kafaɗa, bakinsa ja wur da ganyen da mutanen wurin ke taunawa kamar goro. Shi ke ɗinka zane, shi ke hawa kan sandar gungume in iska ta yi ƙarfi, ya tsaya can a kan ruwa kamar balbela a bayan saniya. Yana sansano iska kafin ta iso.

Shekara goma sha tara suna jan ragar jatan lande da ƙarfin iska kaɗai. Sai injuna suka shigo gari.

Ba kwaɗayi ne ya fara kama Romiyel ba, a yi masa adalci. Akwai watannin da iska ke mutuwa da rana tsaka, zane ya saki jiki kamar wanki, su zauna a tsakiyar teku suna kallon hasumiyar coci daga nesa, jatan lande yana laushi a kwando. Masu inji su wuce su fuu, wani ma ya ɗaga musu hannu yana tambaya ko a aiko musu da tabarma. Kafin su iso gaɓa masu saye sun watse. Rannan Isabela ta karɓi kwandon, ta sansana, ta ce, "Baban Lusiya, wannan ko kyanwa sai an roƙe ta." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ta shige shi.

Da ya ce zai sayi inji, Maselin bai hana ba. Cewa ya yi, "Saya mana, macan. Ƙarami dai, na ranar da iska ta yi yaji. In ta dawo mu kwantar da shi a ciki ya yi barcinsa."

Ranar wata Asabar suka sa fararen riguna suka tafi shagon injuna da ke kusa da gada. Mai shagon saurayi ne mai man gashi da yawa. Ya nuna musu biyu, an jingine su a jikin katako. Ɗaya mai ƙarfin doki takwas, siriri, da doguwar ƙafa. Ɗayan mai doki ashirin da biyar, ƙato, murfinsa yana ƙyalli, har mutum yana ganin fuskarsa a ciki.

Maselin bai tambayi komai ba, ko nawa yake sha na kananzir bai tambaya ba. Ya tofar da abin bakinsa a waje, ya dawo ya rungumi ƙaramin, ya saɓa a kafaɗa, ya taka zuwa ƙarshen shago ya dawo. Sannan ya kama babban. Ya ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya sauke.

"Wancan ƙaramin ne namu," in ji shi.

Mai shago ya yi dariya. "Yaya, inji ake saye ko amarya ake ɗauka? Ai ba goya shi za ku yi ba. Ɗaura shi za a yi a baya, shi ke nan."

"Wane bayan?" Maselin ya ce. "Ka taɓa ganin bayan oruwa? In muka juya zane, inji ma sai ya tashi ya koma ɗaya ƙarshen. Abin da mutum ɗaya ba zai ɗauka ya bi da shi ta kan jirgi mai rawa ba, ba namu ba ne."

Romiyel ya san gaskiya ce. Ya sha faɗa daga baya cewa ko a lokacin ya sani. Amma yana tsaye yana kallon fuskarsa a murfin nan, yana tuna mai maganar tabarma. Mai shago kuma ya ƙara da cewa ƙaramin ai masu kamun ƙaguwa a cikin tafki ke sayensa, tsofaffi da gwauraye.

"Ka tsufa ne kawai, macan," Romiyel ya ce. "Da can buhun shinkafa biyu kake ɗauka."

"Da can ma kai ba ka da wayo, amma ba ka kai haka ba."

"Mai inji irin wannan ina ruwansa da juya zane? Mu je da shi, mu dawo da shi."

"Ranar da ya ƙi fa?"

"Sabo ne fil. Don me zai ƙi?"

Maselin ya dube shi, ya ciro wani ganyen ya shafa masa farar ƙasa, ya cusa a baki. Romiyel ya biya kuɗin babban inji, Maselin ya bi amalanken da ya ɗauko shi har gida.

Igiya ba ta iya riƙe kaya irin wannan. Dole aka kira kafinta ya huda ƙarshen jirgin, ya ɗaura katako mai kauri da manyan kusoshi huɗu masu noti. Tsofaffin unguwa suka taru suna kallo. Sa'ad da abin huda ya shiga itacen, Romiyel ya juya ya yi kamar yana neman wani abu a cikin raga. Fada, limamin coci, ya zo ya yayyafa ruwan albarka, Isabela ta dafa shinkafa da madarar kwakwa ta raba wa maƙwabta. Daga ranar jirgin ya samu baya.

Wata bakwai abin yana tafiya yadda ake so, kada a ɓoye wannan. Su ne farkon isowa gaɓa. 'Yarsu Lusiya ta samu sababbin takalman makaranta, an sauya rufin ɗakin girki. Romiyel ya wuce mai maganar tabarma sau biyu, ya ɗaga masa hannu. Zane yana naɗe a jikin gora, har ya fara fumfuna. Maselin kaɗai ke kwance shi ran Lahadi bayan coci, ya shanya, ya duba ɗinki, ya mayar. Ana tsokanarsa wai yana yi wa gawa wanka.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, farkon iskar damina. Suna can nesa da gaɓa sai Maselin ya ɗaga hanci ya ce a naɗe raga. Kafin su gama teku ta sauya launi. Ƙarshen da ke ɗauke da inji dama a nutse yake fiye da ɗayan, taguwa ɗaya ta hau ta rufe shi, ya yi tari sau biyu ya yi shiru.

Suka ɗaga zane, ya kama iska sarai, albarkacin wankan gawa. Sai dai yadda iskar ke busowa, in gida suke so, dole ƙarshen mai inji ya zama kai. Maselin ya rarrafo ya ciro sifana daga akwatin kaya, ya danƙa wa Romiyel a hannu.

"Noti huɗu ne, macan. Kwance shi mu ba teku."

"Bari in ja igiyarsa sau ɗaya."

"Ya sha ruwa. Kwance."

"Sau ɗaya kawai."

Ya ja. Ya sake ja. Waɗanda ke cikin jirgin sun ce ya ja ya fi sau ashirin, sifana tana cikin ɗaya hannun. Shi kuwa ya ce bai san ya wuce uku ba. Kafin ya haƙura ya durƙusa kan noti na farko, iska ta riga ta tura su kusa da duwatsun ƙarƙashin ruwa da ke arewa, babu sauran lokacin kwance komai. Maselin ya yi tsawa a juya zane, ya haye sandar gungume.

Jirgin ya yi ƙoƙari. Ya hau taguwa ta farko da nauyin nan a kansa, ya hau ta biyu da ƙyar. A ta uku ya soka kai cikin ruwa bai ɗago ba. Suka ji ƙara kamar an fasa kwakwa, itacen ya tsage daga ramukan kusoshi, tsagar ta bi jikinsa har tsakiya. Inji ya tafi ƙasa da rabonsa na jirgin.

Babu wanda ya mutu. Su huɗu suka rungumi gungume har wani jirgi ya tsince su da la'asar, kuma mai maganar tabarma ne ya tsince su, ruwan sha kawai ya miƙa musu. Sandar gungume ta bugi Maselin a kafaɗar dama, hannun bai ƙara ɗaguwa sama da kunne ba. Bayan kwana biyu teku ta kawo sauran rabin jirgin gaɓa.

Romiyel ya yi yawon neman wanda zai gyara. Masassaƙin da ya rage, tsoho tukuf, ya shafa itacen ya ce kututture guda ba ya haɗuwa in ya rabu, kuma bishiya mai wannan kauri sai dai a tatsuniya yanzu. Daga nan Romiyel ya koma ma'aikaci a jiragen roba na wasu, shekara ashirin da shida, yana jan raga ana ba shi kasonsa. Bai ƙara riƙe tuƙi ba, ko an ba shi.

Maselin ya koma sayar da busasshen kifi a kasuwa da hannu ɗaya da rabi. Kullum ran Lahadi yana zuwa cin abinci gidan ƙanwarsa, ya zauna dab da rabin jirgin, ya tsinki barkono ya ce na bana ya fi na bara yaji. Romiyel ya yi ta jira ya ce masa ai na faɗa maka. Ya shirya amsa, ya shirya ban haƙuri, har ya shirya faɗa in ta kama. Wata rana da giyar kwakwa ta ɗan hau masa kai, shi da kansa ya ɗauko zancen.

"Macan, ranar nan a shago..."

"Wane shago?" in ji Maselin. "Miƙo min miyar nan, ka zauna a kanta kamar kaza."

Haka Maselin ya rasu bai ce ai na faɗa maka ba. Isabela ta ce yayanta ya yafe tun suna cikin ruwa. Romiyel ya ce ya sani, abin da ke damunsa ke nan.

Yanzu idanunsa sun yi rauni, da lalube yake gano inda raga ta yage. Samari masu sayen jirgi sukan tsaya wurinsa, don an ce musu ya san inji. Su ce, "Kawu, mai doki nawa ya kamata mu ɗauka?" Ba ya tambayarsu tsawon jirgin, ba ya tambayar inda za su kamun kifi. Sai ya ce su je shagon su saɓa shi a kafaɗa, su taka da shi zuwa bango su dawo. Yawancinsu dariya suke yi, su ce jiragen yanzu ai duk suna da baya, ba a ɗaukar inji a kai shi ko'ina.

"Haka ne," yakan ce. "Ku dai ɗaga shi."

In sun tafi sai ya ci gaba da ɗinkinsa. Isabela ta fito da butar ruwa ta wuce ta bayansa, ya ji ƙarar ruwan yana zuba a kan ƙasar da ke cikin jirgin ubansa, ba ya waiwayawa.