Gadon Bayan Jikata

Duk jaririn da aka miƙo mani, kafin in dubi fuskarsa sai na kifa shi a cinyata na bi gadon bayansa da ɗan yatsa, tun daga ƙeya har ƙugu. Matan unguwarmu a Runka sun san ni da wannan hali, har tsokanata suke yi wai ina duba ko tela ya yi ha'inci a ɗinkin. Nakan yi dariya in mayar masu da ɗansu. Tsofaffin cikinsu ba su sa baki a tsokanar, don sun san abin da hannuna yake nema.

Tun da na haifi 'yar farina ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso muka tarar, uwa tana kunyar ɗan fari. Idan ina son ta zo sai in ce “ke”, ko in ce a kira mani waccan. Ba na yi mata wasa a gaban mutane, ba na yabonta, ko kuka take yi sai in kau da kai wata ta ɗauke ta. Allah ya sani ina sonta fiye da yadda zan iya faɗi, kuma dama ba a ba ni bakin faɗin ba.

Da aka yi mata aure a wani ƙauye gaba da Batsari, ta samu ciki, ita ma ta yi abin da kowace ta gari take yi, ta ɓoye. Cikin fari ba a maganarsa. Sai da zane ya kasa rufewa sannan aka fara kai ta awo, aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ja da ruwan ɗorawa, tana sha. Da ciki ya tsufa aka kawo mani ita goyon ciki.

Da hantsi ta haihu, lokacin kaka, ana ta shigo da gero. Mace ce, fuskarta fes, gashi kwance luf. Ungozoma ta yanke cibi ta miƙo mani ita in yi mata wankan farko. Ina juya ta na ga abin. A ƙasan bayanta, sama da ƙugu kaɗan, akwai wani ƙullutu kamar ƙwan agwagwa, fatarsa siririya har ana ganin ciki, ruwa yana tsattsafowa. Na taɓa tafin ƙafarta, ba ta janye ba. Na sake taɓawa da ɗan ƙarfi. Kuka take yi da dukan ƙirjinta, hannuwa suna ta fafutuka, ƙafafun kuwa suna kwance kamar ba nata ba.

Muka hau babur zuwa asibitin Safana, ina rungume da ita a kife don kada zane ya gogi wurin. Suka wanke, suka rufe, suka ce aikin na Katsina ne. Muka komo gida don a yi shiri, sai aka ce hanya ba lafiya, kwana da kwanaki ba wanda ya fita ko gona. Zazzaɓi ya riga mu. Ba ta kai ranar suna ba. Ubanta ya yi mata huɗuba a kunne ranar da ya zo, amma sunan bai taɓa fitowa fili ba, ni kaina har yau ban san shi ba. Ragon da aka ɗaure aka kwance shi aka mayar cikin 'yan'uwansa.

Masu zuwa gaisuwa kowa da nasa bayani. Wata ta ce iska ce, yarinyar ta cika zuwa rijiya da tsakar rana. Wata ta ce zama a bakin ƙofa ne. Na riƙe harshena da ƙyar, don ni mai saurin fushi ce, kowa ya shaida. Mai jegon kuwa tana ɗaki, ana yi mata wankan jego safe da yamma, nono yana zuba ba mai sha. Ina jin kukanta ta bango, ina tuƙa mata kunun kanwa, ban shiga na ce mata ko sannu ba. In ba ka taso cikinmu ba za ka ce rashin imani ne.

Bayan an yi arba'in na koma Safana karɓar maganin hawan jinina, sai malamar asibitin da ta wanke bayan jaririyar ta gane ni. Ta zaunar da ni a benci, ta ɗauko ƙwayar nan ruwan ɗorawa, ƙarama, ba ta fi ƙwayar dawa ba.

“Iya, wannan ita ce folik asid,” in ji ta. “Tana ƙara jini, tana kuma taimakon bayan jariri ya rufe. Amma bayan yana rufewa ne tun makonnin farko, tun mace ba ta tabbatar ta yi ɓatan wata ba.”

“Ai ta sha, Malama. Da idona na ga tana sha.”

“Ta sha bayan lokacin ya wuce. Ban ce rashinta kaɗai ke kawo wannan ba, kuma ban ce in an sha shi ke nan ba. Amma tana rage haɗarin ƙwarai, musamman ga wadda ta taɓa haihuwar irin wannan. Ta fara tun yanzu, kullum ɗaya, tun kafin wani cikin. Ta dage da zogale da wake da alayyahu, amma kada ta ce sun isa.”

Na fito ina juya maganar. Mu da ba mu faɗin ciki sai ya fito, yanzu an ce in je in yi wa 'yar farina maganar cikin da ba a ma yi ba. Na rasa ta inda zan soma. Sai na bi hanyar da na saba, na ƙulle ƙwayoyin cikin garar komawarta ɗaki, tsakanin daddawa da kuka, na ce wa ƙanwata ta raɗa mata yadda ake sha.

Ba a daɗe ba saƙo ya iso mani. Uwar mijin ta ga 'yata tana haɗiyar ƙwaya kowace safiya, ba ciki, ba ciwo. A wurinsu ƙwayar da mace mai lafiya take sha kullum iri ɗaya ce, ta hana haihuwa. Ta karɓe su, ta kuma ce a gaya mani in na gaji da jikoki ita ba ta gaji ba.

Ranar ban iya cin tuwo ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ce mahara sun kusa. Yarinya tana ɗakin mijinta, kowane wata zai iya zama watan, kuma babu wanda zai sani sai ƙofa ta riga ta rufe. Ina rufe ido sai in ga ƙullutun nan yana tsattsafo da ruwa. Da gari ya waye na tambayi masu babur ko hanyar Batsari ta yi sauƙi, suka ce jiya dai an bi. Na ce to yau ma za a bi.

Na tarar da su a tsakar gida suna sussukar gero, uwar mijin da ita. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida, gona, dabbobi, gajiya, ina jin zuciyata tana tafasa a ƙarƙashinta. Da muka gama na ce, “Yaya, ina ƙwayoyin da na aiko?”

“Suna nan. Mi za ta yi da su, mace lafiya lau?”

Yarinyar ta miƙe za ta ba mu wuri, kamar yadda ya kamata. Na ce ta zauna. Ta tsaya turus, don ba ta saba in dube ta ido cikin ido ba.

“Ba ki ga bayan ɗiyar nan ba, Yaya,” na ce. “Ni na wanke ta. Ni na riƙe ta a kife tun daga Runka har Safana. Ba hana ciki nike so ba, cikin nike wa tanadi.” Sai na juya wurin 'yata, na gaya mata komai da bakina: ɓatan wata, makonnin farko, yadda bayan yake rufewa tun uwa ba ta sani ba. Kalmomin da ban taɓa zaton zan furta a gabanta ba. Ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga cikin geron, ni ma ban ɓoye nawa ba.

Na zaci tsohuwar za ta kore ni. Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin, ta duba shi a rana. “In dai haka ne, a hannuna za su zauna,” in ji ta. “Yaran yanzu mantuwa gare su.” Daga ranar ita take ba ta da kanta, kowace safiya tare da koko, in sun kusa ƙarewa ta tura ɗanta Batsari.

An ɗan jima kafin Allah ya kawo rabo. Wannan karon ma wurina ta zo haihuwa. Da ungozoma ta miƙo mani shi, namiji ne, ban dubi fuskarsa ba. Na kifa shi, na ɗora yatsa a ƙeyarsa na fara gangarowa. Da na iso sama da ƙugu hannuna ya tsaya da kansa. Fata ce sumul, da ɗumi. Na taɓa tafin ƙafarsa, ya harbe ni. Na yi hamdala, amma ko a wannan lokacin ɗayar nake gani, mai gashi kwance luf.

Yaron yanzu yana gudu, har awaki yake kora. Ran nan sun zo mana wuni, ya nufi bakin murhu, uwar ta ɗaga murya ta kira shi da sunansa, gatsal, a gaban kowa. Wata maƙwabciyata ta riƙe haɓa tana dariya.

“Oh ni, 'yan zamani. Ɗan fari ake kira haka ba kunya?”

'Yata ta ɗauke shi ta karkaɗe mashi ƙura a gwiwa. Ba ta yi dariya ba.

“Ba shi ne na fari ba,” ta ce.