Kunnen da aka ajiye min a ɗaki

Ɗana na fari ne ya kawo kwamfutar. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa faɗa a gaban mutum ba. Haka muka tashi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a zaman hira da shi. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke abinta. Ni ban je boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma kaf Unguwar Mu'azu babu wadda za ta koya min kunya.

A Fatakwal yake aiki. Da ya zo wani hutu ya ɗora ta a kan durowa tana kallon gadona, ya haɗa min sola. Ya ce wa ƙanwarsa, autata da ke aure a Makera, ta gaya min don in riƙa ganin jikoki ne, kuma kada a rufe ta, kada a kashe, wai rufewa na lalata ta. Na yarda. Me na sani?

A ɗakin nan nake cire ɗankwali. A nan nake shafa wa gwiwata man zafi ina zaginta. Kuma a nan, bayan sallar asuba, idan na tabbatar ba kowa, nake kiran sunansa a fili in yi masa addu'a. Wani lokaci har in rera masa waƙar rarrashin da ban yi masa ba yana goye. Wannan tsakanina ne da Ubangijina.

Da Babbar Sallah suka zo da iyalinsa. Ana cin nama a tsakar gida sai matarsa ta dube ni tana dariya.

"Hajiya, ashe ke mawaƙiya ce! Wallahi Baban yara har ƙwalla ya yi."

Ya harare ta, ta kama bakinta. Ni kuwa naman da ke bakina ya koma kamar tsumma.

Da suka tafi na zargi bango, na zargi maƙwabta, har aljanu sai da na zarga. Auta ce ta lura kwamfutar kullum da zafi take, data kuma na ƙarewa kamar ana sha. Ta kira wata mai shagon gyara a Kamazou, 'yar Kudancin Kaduna, wadda muka yi zaman kasuwa da mahaifiyarta shekara da shekaru. Matar ta zo da jakarta, ta sa wani abin bincike da ke bin cikin kwamfuta lungu-lungu. Da ya gama sai layuka suka cika fuskar kwamfutar, yawanci ruwan ɗorawa, ɗaya ja.

"Mama, wannan abin naki ya kwaso kaya fa."

"Ni ban aike ta kasuwa ba."

Ta yi dariya, ta ce masu ruwan ɗorawar na 'yan talla ne, suna bin sawun mutum su ga me yake kallo, kusan kowa na da su, sharewa kawai za a yi. Da ta iso kan jan sai dariyar ta ɗauke.

"Wannan ba shigowa ya yi da kansa ba, Mama. Saka shi aka yi. Sai wanda ya zauna a gabanta, ya san lambar buɗewa."

"Mene ne aikinsa?"

"Yana ɗaukar maganar ɗaki ya aika wani wuri."

"Magana kaɗai?"

Ta dubi ɗan ƙaramin idon da ke saman kwamfutar, ta dubi Auta. Sai na ji hannuna ya kai kan ɗankwalina.

Ta ce zaɓi biyu ne: a killace shi, ya zauna a ɗaure kamar akuya a turke, ko a goge shi gaba ɗaya.

Na ce, "Wa zai ci gaba da ba shi dusa? Yanka shi."

Ta goge, ta sake binciken, komai ya fito kore. Ta canja lambar ta ba Auta, ta liƙa filasta a kan idon.

Kafin la'asar ɗan nawa ya kira wayar Auta, don abin ya ɗauke masa. Ta buɗe muryar ina ji.

"Ki gaya wa Hajiya don lafiyarta na yi. Bara ta faɗi a banɗaki, ba wanda ya gaya min. Kullum na tambaya sai a ce lafiya lau. Yaya ake so in yi?"

Faɗuwa kam na faɗi, ban musa ba. Na ce wa Auta, "Ki ce masa mai tsoron faɗuwar uwarsa mota yake hawa ya zo. Ba ya zama da matarsa suna kallonta ba ɗankwali."

"Hajiya, na san kina ji. Ki yi min magana da bakinki mana, ko sau ɗaya."

Na tashi na fita alwala.

Mai gyaran ta sake zuwa bayan Sallah da wata guda, ta bincika, ta rantse min babu komai. Na yarda da ita. Kwamfutar ma yanzu a rufe take kwana, ƙarƙashin zanin gado. Amma da asuba idan na buɗe baki zan kira sunan, sai ya tsaya a maƙogwaro. Na koma yi masa addu'a a zuci. Allah na ji, wannan ba na shakka. Ni ce dai na daina jin sunan ɗana a bakina.